Mai Ƙofar Hanji a Ciki da Komawarsa Gona da Kasuwa

 Ku sani akwai wata matsala wadda ta daɗe a ƙauyukanmu na arewacin Kano, amma kunya ta hana a yi zancenta a zaure. Ita ce halin mutumin da aka kai asibiti da ciwon ciki mai tsanani, likita ya yi masa fiɗa ya ceci ransa, sa'an nan ya dawo gida da bakin hanjinsa a waje, a jikin fatar cikinsa, ana tarbar abin da ke fita da jaka. Galibi irin wannan mutum yakan shiga ɗaki ya kwanta. Ya bar gona, ya bar kasuwa, ya bar sahun masallaci, iyalinsa kuwa su hana shi ko ɗaukar tabarma, wai don kada hanjin ya zubo. Nufinsu alheri ne, amma doguwar kwanciyar nan tana cin ƙarfinsa kamar yadda gara ke cin azara. Wani kuma talauci ya kore shi daga shimfiɗa tun ɗinki bai kama ba, ya sunkuci buhu a bakin rumbu, ya jawo wa kansa wani ciwon da ya fi na farko wuyar gyara. Tsakanin waɗannan biyu akwai hanya madaidaiciya, ita ce muke nufin bayyanawa.

Fasali na farko: mene ne ƙofar hanji?

Likitoci suna kiranta sitoma, kalma ce ta Yunananci, ma'anarta baki. Ana huda bangon ciki, a fito da bakin hanji, a ɗinke shi da fata, domin ƙazanta ta sami mafita ba ta bi ta dubura ba. Iri uku ne. Akwai wadda ake yi da babban hanji, galibi a hagu, abin da ke fita daga gare ta yana da kauri. Akwai wadda ake yi da ƙarshen ƙaramin hanji, galibi a dama, abin da ke fita ruwa-ruwa ne, kuma ba ya tsayawa dare da rana. Ta uku ta fitsari ce, ana yinta idan an cire mafitsara.

Dalilan yinta a ƙasarmu sanannu ne. Babba a cikinsu zazzaɓin taifot, wanda ake ɗauka daga ruwa ko abincin da ƙazanta ta taɓa. Idan ya yi kamar mako uku ba magani na gaskiya, yakan huda ƙaramin hanji, yara da samari ya fi kamawa. Akwai murɗewar babban hanji, da sankarar hanji ko ta dubura, da raunin harsashi ko wuƙa ko haɗarin mota. Akwai jariran da ake haifa ba dubura, da matan da doguwar naƙuda ta yaga su. Tsohuwar tsargiya kuma takan jawo sankarar mafitsara. Ana yin wannan aiki a manyan asibitocin birni, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano wanda aka kafa a 1988, da Asibitin Murtala Muhammad. Wata ƙofar ta ɗan lokaci ce, bayan watanni a mai da hanjin ciki a rufe. Wata kuwa ta zauna ke nan har ƙarshen rai.

Bakin hanjin ja ne, mai danshi, kamar cikin kunci. Ba shi da jijiyar jin zafi, saboda haka ana iya ƙuje shi mai shi bai sani ba. Yakan kumbura da fari, ya riƙa raguwa har mako 6 zuwa 8, sa'an nan ya tsaya a girmansa. Jakar da ake mannawa a kansa ba tsohon abu ba ce. A 1954 wata ma'aikaciyar jinya a ƙasar Denmak, sunanta Elise Sørensen, ta ga ƙanwarta ta daina fita gida saboda tsoron yoyo da wari, sai ta ƙago jaka mai mannewa da fata. Ku lura, tun asali don mutum ya fita waje aka yi jakar, ba don ya kwanta da ita ba.

Fasali na biyu: illar kwanciya da amfanin motsi

Jikin ɗan Adam kamar fartanya yake, in an jingine ta sai tsatsa. Wanda ya daɗe kwance bayan fiɗa, jini yana iya daskarewa a jijiyoyin ƙafarsa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Majina takan taru a ƙirjinsa ta zama ciwon haƙarƙari. Hanjin kansa yakan yi kasala. Tsoka tana zubewa, cin abinci yana raguwa, baƙin ciki kuma yana samun wurin zama. Saboda haka ne ma'aikatan jinya ke tayar da majiyyaci tun kashegarin aiki, su riƙe shi ya taka kaɗan a ɗakin jinya, ko da yana ganin mugunta suke yi masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin shawarar da ta bayar a 2020, ta ce ya kamata baligi ya sami motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a kowane mako, watau kamar tafiyar sauri ta rabin sa'a kwana biyar ko fiye. Mai ƙofar hanji, in ya warke, yana cikin wannan hukunci. Ga mai sankara kuma akwai ƙarin dalili. A 2025 likitocin Kanada da abokan aikinsu na wasu ƙasashe sun bayyana binciken da suka yi a kan mutum 889 waɗanda aka yi wa aikin sankarar babban hanji suka gama shan magani. An raba su biyu: wasu aka sa su motsa jiki bisa tsari har shekara 3, wasu aka ba su takardar nasiha kurum. Bayan shekara 8, cikin kowane 100 na masu motsa jiki kimanin 90 suna raye, na ɗaya ɓangaren kuwa kimanin 83. Yawancin abin da suka yi bai wuce tafiya da sauri ba. Wanda ƙofarsa ta ɗan lokaci ce, shi ma ya sani likita ba ya son mai da hanji a jikin da ya rame. Ƙarfin da ya tara da tafiya da cin abinci shi ne guzurinsa na aiki na biyu.

Fasali na uku: abin tsoro na gaskiya

Ba zubowar hanji ne babban haɗari ba, ƙaba ce. Bangon ciki tsoka ce shimfiɗa bisa shimfiɗa, likita kuwa ya huda ta domin hanji ya wuce. Duk lokacin da mutum ya yi yunƙuri, ko tari, ko ya ɗaga nauyi yana riƙe numfashi, abin da ke ciki yana tura wannan huda. Idan ta faɗaɗa, wani sashen hanji ya kutsa ƙarƙashin fata, sai a ga tudu a gefen ƙofar. Wannan ita ce ƙabar ƙofar hanji. Tana hana jaka zama daidai, tana kawo nauyi da ciwo, wani lokaci hanjin ya shaƙe a ciki sai an yi fiɗar gaggawa. Gyaranta yana da wuya, kuma takan dawo bayan an gyara.

Ba abu ne mai wuyar aukuwa ba. Ƙungiyar likitocin ƙaba ta Turai ta ƙiyasta a 2018 cewa fiye da 30 cikin 100 suna samunta a shekarar farko, 40 a shekara ta biyu, daga baya har rabi ko fiye, kuma ta fi yawa ga masu ƙofar babban hanji. Abubuwan da ke ƙara jawo ta su ne ƙiba da tumbi, da shan taba, da tari mai daɗewa, da tsufa, da rama, da ruɓewar ɗinki, da ɗaukar nauyi tun jiki bai haɗe ba. To, kun ga kwanciya ba ta maganin ko ɗaya daga cikinsu, sai ma ta ƙara raunana tsokar da ake son ta riƙe hanjin.

Fasali na huɗu: matakan komawa aiki

Mataki na farko, mako biyu na fari. Ya riƙa tashi yana takawa a tsakar gida, minti 5 zuwa 10, sau uku ko huɗu a yini. In zai tashi daga kwance kada ya miƙe tsaye da ƙarfin ciki. Ya mirgina bisa haƙarƙarinsa, ya sauko da ƙafafu, ya dogara da gwiwar hannu ya tashi. Wanda ke kwana a tabarma a ƙasa, a samo masa gado ko a ɗaga shimfiɗarsa, zama tashi daga ƙasa yana da yunƙuri. In tari ko atishawa ta zo, ya dafe wurin da tafin hannu ko da matashi. Kowace sa'a ya ja dogon numfashi sau biyar, ya kuma motsa idon sawunsa sama da ƙasa.

Akwai motsi uku na tsokar ciki waɗanda ma'aikatan jinya ke koyarwa, ana fara su cikin kwanakin farko in likita ya yarda. Ya kwanta rigingine, ya tanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Na ɗaya, ya fitar da numfashi a hankali yana janye cibiya ciki kaɗan, ya riƙe gwargwadon ƙirga biyar, ya saki. Na biyu, ya danna gadon bayansa ga shimfiɗa har ƙugu ya ɗan karkato, ya saki. Na uku, ya haɗe gwiwoyi ya karkata su dama, ya dawo da su, ya karkata su hagu. Kowane sau biyar zuwa goma, safe da rana da dare. In ya ji zafi mai suka, ya tsaya.

Mataki na biyu, daga mako 2 zuwa mako 8. Tafiya ta fita waje: yau ƙofar gida, gobe masallacin unguwa, jibi gindin kukar bakin gari, yana ƙara minti kaɗan kowane kwana biyu har ya kai rabin sa'a. Ma'aunin sauri shi ne ya iya magana yana tafiya ba tare da haki ya yanke masa zance ba. Ma'aunin nauyi kuwa butar alwala ce cike da ruwa, watau kamar kilo 2. Abin da ya fi haka ba nasa ba ne tukuna. Ku tuna jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, buhun takin zamani da na siminti kilo 50, buhun masara a kasuwar Dawanau kuwa kilo 100. Mace ta bar daka, da jan guga, da wankin tsuguno mai tsawo, da goyo, zama majanyi yana ɗaurewa ne daidai wurin.

Mataki na uku, daga mako 8 zuwa wata 3. Bayan likita ya duba ya ce ɗinki ya kama, ana iya hawa keke a hanya mai kyau, a yi aiki mara nauyi a gona, a zauna a rumfa cikakken yini, ana ƙara nauyin abin ɗauka kaɗan-kaɗan. Wanda taifot ko sankara ta ramar da shi ƙwarai, nasa lokacin ya fi tsawo, kada ya auna kansa da wani.

Mataki na huɗu, bayan wata 3, shi ne na sauran rayuwa. Ga ƙa'idar ɗaukar kaya: ya matso kusa da kayan, ya buɗe ƙafafu, ya tanƙwashe gwiwa bayansa a miƙe, ya ɗan janye cibiya, ya ɗaga yana fitar da numfashi. Kada ya riƙe numfashi, kada ya murɗa ƙugu da kaya a hannu. Ya raba babban kaya gida huɗu ko biyar. Ɗamara mai faɗi mai ɗan talewa tana taimako a lokacin aiki. A ɗaura ta yana kwance, kada ta matse har ta hana abin da ke fita sauka cikin jaka, kuma a nuna wa ma'aikacin jinya ita kafin a saba. Amma fa ɗamara ba ta zama lasisin sunkutar buhu ba. Tsalle ɗaya kan jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Fasali na biyar: aikin gona da na kasuwa

Ƙasarmu ta kewayen Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta, ba a barin gona ta huta. Tun cikin shekarun 1960 wani masani, Michael Mortimore, ya rubuta yadda ake noma kusan kowane taƙi a wannan yanki kowace shekara, ana ciyar da ƙasa da takin da jakuna ke kawowa. Wanda ya rasa damina ɗaya, gidansa ya sani. Saboda haka ba za mu ce wa manomi ya bar gona ba, sai dai ya zaɓi aiki.

Aikin da ake yi a tsaye ya fi masa sauƙi. Saran shuka da sungumi, da zuba iri, da cirar gero, da barbaɗa taki daga ƙaramin ƙoƙo, da kiwon tumaki, da tsinkar wake, da duba gona safe da yamma, duk suna cikin ikonsa bayan wata biyu ko uku. Noman duƙe da fartanya ya yi shi guntu-guntu, yana miƙewa yana hutawa, in ya sami mai dogon ƙota ya fi. Aikin da ya kamata ya bar wa 'ya'ya da ƙanne, ko ya jinkirta shi har ya tambayi likita, shi ne huɗa da garmar hannu, da juya garmar shanu a ƙarshen kunya, da ɗora mangalar taki a bayan jaki, da ɗaga damin dawa zuwa rumbu, da haƙar rijiya. Masu noman rani a bakin Watari da Tomas, kada su ɗauki injin ban ruwa su kaɗai, kuma jan igiyar tayar da shi fizga ce mai taɓa ciki.

Ɗan kasuwa shi ma haka. Awo da mudu, da ciniki, da lissafi, da zagaya rumfuna ba su da laifi, sai ma amfani. Sauke buhu daga mota aikin 'yan dako ne, ladan da zai ba su bai kai kuɗin fiɗa ta biyu ba. Wanda dako ne sana'arsa tun asali, lalle ya sake sana'a; in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Mai doguwar tafiya a mota zuwa Legas ko Maraɗi ya riƙe jakunkuna fiye da ƙirgen kwanakinsa, a aljihun rigarsa, kada a can cikin lodi, kuma duk inda aka tsaya ya sauka ya taka. Dambe da kokawa kuwa, samari su haƙura da su, domin naushi ko gwiwa a wurin yana iya fasa hanjin. Gudu da ƙwallon ƙafa suna yiwuwa bayan an warke sarai, da marfi mai tauri da ake ɗorawa a kan ƙofar. Ruwa ba ya cutar da ƙofar hanji, ana wanka da jaka ko ba jaka, amma iyo a kududdufi da madatsun ruwa yana kawo tsargiya ga kowa.

Fasali na shida: zafi, da ruwa, da abinci

Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa da gishiri ya mai da su jiki. Mai ƙofar ƙaramin hanji ya rasa wannan. Ko da lafiya lau yakan zubar da fiye da rabin lita a jaka kowane yini, ga kuma gumi a bisa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai awo 40, saboda haka aikinsa ya kasance daga asuba zuwa hantsi, sa'an nan bayan la'asar. Alamun ƙarewar ruwa a jiki su ne ƙishirwa mai tsanani, da bushewar baki, da jiri in an miƙe, da ɗaurewar jijiyar ƙafa, da fitsari kaɗan mai duhu. In an yi sakaci, ƙoda ce ke lalacewa.

Ga wani abu da mutane ba su sani ba. Idan abin da ke fita ya tsinke ya yi yawa, zallan ruwa da shayi da lemon kwalba ba su isa ba, suna ma iya ƙara wanke gishirin jiki. Abin da ake bukata shi ne ruwan gishiri da sukari irin na ƙunshi da ake ba yara masu zawo, a riƙa kurɓa a hankali. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa. In abin da ke fita ya wuce lita ɗaya da rabi a yini, sai asibiti.

Tuwon shinkafa, da dafaffiyar shinkafa, da ayaba, da dankali, da burodi suna ƙara kauri. Wake, da albasa, da kabeji suna ƙara iska. Gyaɗa, da aya, da gasasshiyar masara, da zaren mangwaro, da ganyen rama ko zogale wanda bai nuna ba suna iya toshe ƙofar ƙaramin hanji. A ci kaɗan, a tauna ƙwarai. Kada a cika ciki dab da fita aiki, kada kuma a ƙi cin abinci don tsoron jaka ta cika, yunwa iska take ƙarawa.

Game da jaka: a zubar da ita in ta kai sulusi ko rabi, da kuma kafin a fita. A manna sabuwa da sassafe kafin karin kumallo, a fata busasshiya, ba man shafawa ba man kaɗanya, a dafe ta da tafin hannu ɗan lokaci, a ba ta kamar sa'a guda kafin a shiga gumi. A yanka bakinta daidai girman hanjin, domin abin da ke fita daga ƙaramin hanji yana cin fata. A ajiye jakunkuna a inuwa, zafi yana kashe danƙonsu. Mazagin wando ya bi sama ko ƙasa da ƙofar. Tufafinmu kuwa, riga da jamfa da zane da hijabi, sun fi na kowa rufa wannan asiri.

Fasali na bakwai: alwala, da salla, da azumi

Da yawa abin da ke tsare su a ɗaki shakkar tsarki ce. Malamai sun fi mu sani, wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce a fiƙihu. Shehu Halilu, tun a ƙarni na 14, ya kawo a cikin Muhtasar hukuncin abin da ke fita ta wata huda a ƙarƙashin tumbi. Mai Risala kuma ya ambaci mai salas, watau wanda abu ke fita masa ba da ikonsa ba. A mashhurin mazhabar Malikiyya, in abin ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, sai dai an so ya sabunta ta in babu wahala. In bai kai rabi ba, yana warwarewa. Najasar da ke zuwa kullum ba da iko ba kuma an yi rangwame a kanta. Tun da ƙofar ƙaramin hanji ba ta tsayawa, ta babban hanji kuwa wani tana da lokaci sananne, kowa ya bayyana wa malaminsa halinsa dalla-dalla, ya karɓi fatawa.

A makonnin farko ya yi salla a zaune, yana nuni, kamar yadda aka sauƙaƙa wa mara lafiya. In ɗinki ya kama ya koma ruku'u da sujada sannu a hankali, yana dafa ƙasa in zai miƙe, ya zubar da jaka kafin kiran salla. Tafiya masallaci sau biyar a yini kuwa ta ɗauke masa babban rabo na tattakin da likita ke nema. Wanda aka sa wa ranar aiki tun da wuri, ya roƙi a auna wurin ƙofar yana tsaye, yana zaune, yana ruku'u, a sa alama kafin fiɗa. Azumi kuma, mai sabuwar ƙofa, da mai ƙofar ƙaramin hanji da ke zuba da yawa, su tambayi likita tun watan Sha'aban, domin rashin ruwa a gare su haɗari ne ga rai.

Fasali na takwas: waɗanda suka gwada

Domin kada a ce zance ne kurum, ga mutanen da duniya ta shaida. Rolf Benirschke, ɗan wasan ƙwallon Amurka, an yi masa ƙofar hanji a 1979, ya koma fili a 1980, ya ƙara shekaru yana wasa. Adele Roberts, ma'aikaciyar rediyo a Ingila, sankarar hanji ta kama ta a 2021. A 2023 ta yi tseren Landan na kilomita 42, kusan nisan Kano zuwa Bichi, cikin sa'a 3 da minti 30, da jaka a cikinta. A wannan shekara dai, wata mata mai suna Gill Castle, wadda raunin haihuwa ya sa aka yi mata ƙofa, ta ƙetare tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa da iyo. Ba muna cewa kowa ya yi haka ba. Muna cewa jikin da ya iya wannan, ba zai kasa zuwa gona da kasuwar ƙauye ba.

Alamun da ba a kwana da su

A garzaya asibiti idan bakin hanjin ya yi baƙi ko ya yi fari fat. Ko jini ya ƙi tsayawa. Ko hanjin ya zazzago ya yi tsawo. Ko tudun gefensa ya yi tauri yana ciwo. Ko fita ta tsaya alhali ciki yana murɗa yana kumbura ana amai. Ko fitsari ya ɗauke. Kada a sa masa garin magani, kada a yi tsaga, kada a yi ƙaho. Tudu mai laushi mara ciwo ba na gaggawa ba ne, amma a nuna shi a zuwa na gaba.

Kira ga masu karatu

Ya ku malamai, maganarku ake ji. Ku faɗa a wurin karatu cewa wannan jarrabawa ce irin ta sauran cututtuka, ba a ɗaukarta ta zama tare ko cin abinci a kwano ɗaya, kuma ba dalilin sakin mace ba ce. Yaron da ke da ita a bar shi ya zo makarantar allo ya yi wasa da 'yan'uwansa, a ɗauke masa ɗiban ruwa da itace. Ya ku 'yan kasuwa, jakar nan tana da tsada, ba a kuma samunta a ƙauye, har wasu suna ɗaura leda da tsumma, fatarsu ta ɗaye, su kasa fita. Mai kantin magani a Bichi ko Ɗambatta da ya ajiye ta ya sayar da riba kaɗan, da mai hali da ya saya wa maƙwabcinsa ta wata guda, sun mai da magidanci bakin aikinsa. Mutanen unguwa kuma ku raya gayya: huɗar yini ɗaya da ɗaukar dami na yini ɗaya sun isa su tsare masa daminarsa, sauran aikin shi zai yi da hannunsa.

Kai kuma ɗan'uwa mai wannan lalura, gobe da asuba ka zubar da jakarka, ka ɗaura ɗamararka, ka taka zuwa ƙofar gida ka dawo, jibi ka ƙara taki goma. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada. Wassalam.